Waiwaye: Tun yaushe Gizo ya fara ɓacewa a gidajen Kaduna?

Muhawara kan ɓacewar tatsuniya ta sake tasowa a Kaduna, a shirye-shiryen rediyo na kiran waya da shafukan Facebook da hirar iyaye a bakin makaranta. Yaranmu sun san Sindarela da jaruman katun na Japan da Amurka, amma in ka ce musu "Ga ta nan, ga ta nanku" sai su yi maka zuru, ba su san ana amsawa da "Ta zo mu ji ta" ba. Yawancin masu magana wayar hannu suke ɗora wa laifi. Wasu kuma na cewa gara haka, tunda tatsuniya ƙarya ce, lokacin ya fi dacewa da hadda. Kowane ɓangare na magana kamar jiya-jiya abin ya faru, alhali ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba.

Tarihin rubuta tatsuniya sananne ne. A Jamus, 'yan'uwan Grimm sun fitar da tarinsu a 1812. A Finland, Elias Lönnrot ya bi ƙauyuka yana tattara waƙoƙin baka har aka sami Kalevala a 1835. A wajenmu, Baturen mishan Schön ya buga Magana Hausa a 1885, Baturen mulki Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, daga 1911 zuwa 1913. Daga baya Abubakar Imam ya saƙa labaran Larabawa da Indiya da Turai cikin Hausa tsantsa a Magana Jari Ce, sannan Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni domin makarantu a farkon shekarun 1970. Ta fuskar takarda dai, ba a bar mu a baya ba.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne yadda aka zauna garin Kaduna. Ba tsohon birni ba ne mai ganuwa irin Zariya ko Kano ko Katsina, inda zuriya guda ke zaune a gida ɗaya tun kaka da kakanni. Gari ne da jirgin ƙasa da aikin gwamnati suka raya, bayan an dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Da babbar masaƙa ta farko ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, sai samari suka yi ta kwarara daga ƙauyukan Zazzau da Katsina da Sakkwato da Kano, da ma sauran sassan ƙasar nan. Saurayi ya sami aiki, ya kama ɗaki a gidan haya a Makera ko Kakuri ko Tudun Wada, ya koma gida ya ɗauko amarya. Tsohuwa kuwa tana can ƙauye, tana jiran aike ƙarshen wata.

A ganina nan ne igiyar ta fara tsinkewa. Tatsuniya sana'ar mata ce, musamman tsofaffi da gwaggwanni da kishiyoyin uwa, kuma tana da lokacinta: bayan tuwon dare, a tsakar gida ko ɗakin kaka, har akan hana yara yin ta da rana. Tana kuma buƙatar taron yara, domin da yawa daga cikin tatsuniyoyin akwai waƙa a tsakiyarsu, mai bayarwa ta rera, yara su yi amshi. Amaryar da aka kawo gidan haya yarinya ce da a gidansu sauraro take yi, ba ta kai matsayin mai bayarwa ba. Tana da ɗaki ɗaya, tsakar gidan kuwa na hayar mutum goma ne, maƙwabciyarta ta dama Bayarabiya, ta hagu Banufiya ko Bajju, kowace da nata labaran da nata harshen. Maigida na aikin dare wannan makon, na safe mako mai zuwa, ana lallaɓa yara su yi shiru kada su tashe shi. A irin wannan zama babu wanda ya hana tatsuniya, wuri da lokaci da mai bayarwa ne suka yi ƙaranci lokaci guda. Ba na ganin laifin kowa a nan, neman halali ne ya kawo mutane, kuma albashin masaƙa ya ilimantar da 'ya'ya da yawa.

Gizon mutanen Akan na Ghana, wato Anansi, ya ƙetare teku tare da bayin da aka kwashe, kuma har yau ana labarinsa a Jamaika da Suriname, domin masu bayar da shi sun tafi da shi a bakinsu duk da azabar da suka sha. Namu Gizo da Ƙoƙi da Botorami tafiyar yini guda ce ta raba su da masu ba da su.

Sauran abubuwan sun zo ne sun tarar da gurbi a buɗe. Talabijin ta fara aiki a Kaduna a 1962, shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya zo a 1976 da aikin gida, makarantun Islamiyya na dare suka yawaita, sai kaset ɗin bidiyo da finafinan Indiya. Littattafan makaranta sun adana labarin 'yar mowa da 'yar bora, amma takarda ba ta riƙe karin waƙar ba, ba ta riƙe tsamin bakin Gizo da tsohuwa ke kwaikwayo har yara su yi ta birgima don dariya ba.

Ƙasar Ailan ta hango irin wannan asara da wuri. Daga 1937 zuwa 1939 an tura 'yan firamare kimanin 50,000 daga makarantu 5,000 su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, suka rubuto shafi kusan 740,000, galibi da sunan wanda ya ba da labarin da garinsu. Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne yaron da kansa aka mayar gaban tsohuwa ya zauna ya saurara.

Masu kiran rediyo suna yawan cewa a mayar da yara wajen kakanninsu. Sai dai kakannin da ke Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Shanu a yau, da yawansu su ne 'ya'yan da aka haifa a ɗakunan hayar nan a shekarun 1960. In jika ya matsa, wata za ta iya kawo farkon labarin da ƙarshensa, ta rufe da "ƙurunƙus kan kusu", amma waƙar tsakiya sai ta ce a tambayi 'yar'uwarta da ta tashi a ƙauye.