Ɗakin Baya na Sikirif a Sabar LDAP

Ɗakin baya na sikirif hanya ce ta faɗaɗa aikin sabar kundin adireshi, inda saba, wato manhajar da ke amsa tambayoyin sauran manhajoji, ba ta ajiye bayanai da kanta, sai dai ta miƙa kowace tambaya ga wani ɗan shirin kwamfuta da mai kula da ita ya rubuta, wato sikirif, shi kuma ya je ya ɗauko amsa daga duk inda bayanan suke. An fi sanin dabarar a manhajar OpenLDAP.

Asali

Kundin adireshi rumbu ne na sunayen mutane, lambobinsu, rukunansu da kalmomin sirrinsu, wanda sauran manhajoji ke tambaya kafin su bar mutum ya shiga imel ko intanet ɗin ma'aikata. Ƙa'idar da ake yin wannan tambaya da ita, wato LDAP, ta fito a 1993 domin sauƙaƙa tsarin X.500 na 1988, kuma Tim Howes na Jami'ar Michigan a Amurka yana cikin waɗanda suka tsara ta. Siga ta 3 ta zo a 1997. A 1998 Kurt Zeilenga ya kafa OpenLDAP a kan manhajar da Michigan ta bari.

Sabar OpenLDAP, mai suna slapd, an gina ta kamar gidan Bahaushe. Akwai zaure, inda ake karɓar baƙo ta tashar 389 ko 636, a ji abin da ya kawo shi. Akwai kuma ɗakin baya, inda kaya suke. Yawanci ɗakin bayan shi ne mdb, rumbun da Howard Chu ya rubuta, amma zaure bai damu da wanda ke ciki ba muddin amsa za ta fito yadda ƙa'ida ta tanada.

Ire-irensa

Mafi tsufa shi ne back-shell, wanda ke tayar da sabon shiri a kan kowace tambaya. Yana da nauyi, ba ya jituwa da saba mai gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, kuma an cire shi daga OpenLDAP 2.5 da ta fito a 2021. Na biyu back-perl ne, wanda ke cusa mafassarin Perl, wani harshen rubuta shirin kwamfuta, a cikin slapd kanta. Mai kula yakan rubuta ayyuka irin su bind (shiga da kalmar sirri), search (bincike), add (ƙari) da modify (gyara), ya nuna wa saba inda suke. Illarsa biyu: tambayoyi suna bin layi ɗaya bayan ɗaya, kuma in sikirif ya yi mummunar faɗuwa yana iya tafiya da sabar baki ɗaya.

Na uku, back-sock, shi ya fi cancanta a yau. Sikirif yana zaman kansa a waje, cikin kowane harshe aka ga dama, Python ko Perl ko wani, yana saurare ta soket ɗin Unix, wato wani fayil na musamman da shirye-shirye biyu a kwamfuta ɗaya ke magana ta cikinsa. Saba takan aiko masa da rubutu layi-layi: kalmar SEARCH a sama, sai inda za a fara nema, zurfin neman, iyakar adadi da ta lokaci, da rariyar da za a tace sunaye da ita. Shi kuma ya mayar da bayanan a tsarin LDIF, wato tsarin rubuta bayanan LDAP layi-layi, ya rufe da RESULT da lamba. Lamba 0 tana nufin an dace, 32 babu wannan suna, 49 kalmar sirri ba daidai ba, 53 kuwa saba ta ƙi yin abin da aka nema.

Amfaninsa a arewacin Kamaru da Chadi

A makaranta ko asibiti a Garwa, Marwa ko Injamena, sau da yawa sunayen ɗalibai da ma'aikata sun riga sun zauna a wani tsohon rumbu na MySQL, wanda ofishin rajista ya saba da shi kuma ba zai sake shi ba. Kwafe su zuwa sabon kundi yana haifar da rajista biyu, kuma ba a daɗewa sai su saɓa wa juna. Da sikirif, rajista ɗaya ce, LDAP kawai ta zama bakin da take magana da shi.

Amma inda dabarar ta fi nuna darajarta a wannan yanki shi ne sha'anin rubutun suna. Bahaushen da ya yi karatu a Kano zai rubuta Usman, takardar haihuwarsa ta Kamaru kuwa Ousmane ta ce, saboda rubutun Faransanci. Haka Musa da Moussa, Abubakar da Aboubakar, Muhammadu da Mohamadou, a Chadi ma har Mahamat. Ga saba ta yau da kullum waɗannan sunaye ne daban-daban. Ma'aikaciyar asibiti ta buga Usman, allo ya ce babu, alhali mutumin yana tsaye a gabanta da katinsa a hannu. Sikirif zai iya riƙe jerin sunayen da ke daidai da juna, ya nemo duka idan an tambayi ɗaya. Hattara dai: wannan sassauci na bincike ne kawai. Wajen shiga da kalmar sirri dole a tsaya kan lamba ɗaya tak da ke nuna mutum ɗaya, domin masu suna Aboubakar a ma'aikata guda ba su ƙirguwa.

Akwai kuma haruffa masu lanƙwasa. Siga ta 3 ta LDAP tana amfani da UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffan harsuna daban-daban, don haka ɓ, ɗ da ƙ na Hausa, da ŋ na Fulatanci, da é na Faransanci duk suna shiga. Sai dai ƙa'idar LDIF ta shekarar 2000 ta ce duk abin da ya fita daga haruffan ASCII, wato haruffan Turanci marasa lanƙwasa, a sauya shi zuwa base64, hanyar rubuta kowane bayani da haruffan Turanci da lambobi, a sa ruwa biyu sau biyu bayan sunan filin. Sunan Ɗanladi, alal misali, haka zai fito daga sikirif:

cn:: xophbmxhZGk=

Masu gaggawa sukan share lanƙwasar su rubuta Danladi don su huta. Wannan kuskure ne, domin sunan mutum ba abin gyara ba ne don sauƙin inji, kuma layi ɗaya na Python ya isa ya yi sauyin.

Nauyin da ke kan mai rubutu

Duk abin da mdb ke yi a ɓoye ya dawo wuyan mai sikirif. Shi zai fassara rariya, shi zai kiyaye iyakar adadi, shi zai nemi saurin da fihirisa ke bayarwa. Kalmar sirri tana isowa wurinsa a buɗe lokacin bind, saboda haka a taƙaita izinin fayil ɗin soket, kuma kada ta taɓa faɗawa littafin ajiyar ayyuka. Abin da baƙo ya rubuta a rariya kada a liƙa shi kai tsaye cikin umarnin SQL, harshen da ake tambayar rumbu irin MySQL da shi, in ba haka ba an ba ɓarawo makullin rumbu. Dokokin izini na slapd ma ba sa aiki cikakke a nan, tunda wajen rubutu saba sunan shigarwar, wato bayanin da ake son rubutawa ko gyarawa, kawai take gani, ba abin da ke cikinta ba.

Ɗauke wuta na da tasa matsalar. Idan wuta ta dawo, slapd na iya tashi kafin sikirif, ta nemi soket ta rasa, kowa ya kasa shiga ko da yake kwamfutar tana kunne. Ana magance wannan ta systemd, manhajar da ke tayar da shirye-shirye idan an kunna kwamfuta: a tsara sikirif ya riga saba tashi, a sa ya sake tashi da kansa in ya faɗi, kuma ya goge tsohon fayil ɗin soket da ya rage kafin ya buɗe sabo.