Iskar gas da wutar lantarki a Jihar Kebbi

Iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa, wadda mafi yawanta sinadarin mitan ne, ita ce ke samar da kusan kashi uku cikin huɗu na wutar da ke kan babban layin Najeriya. Ragowar daga madatsun ruwa take zuwa, irin su Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Iskar gas ɗin nan daban ce da gas ɗin girki da ake ɗurawa a tukunya mai kilo 6 ko 12.5, wancan haɗin furofen ne da butan, kuma a tanka ake kawo shi Arewa, shi ya sa kuɗin mota ke hawa kansa.

A tashar wuta, ana ƙona gas ɗin cikin matsattsiyar iska, zafin ya juya farfelar injin, ita kuma ta juya janareta. Injin da ke sakin hayaƙinsa kai tsaye bai cika mayar da fiye da sulusin ƙarfin gas ɗin zuwa wuta ba. Idan aka kama zafin hayaƙin aka dafa ruwa da shi, tururin ya juya wani injin, sai a haura rabi.

Kebbi ba ta da tashar gas. Wuta na shigo mata ne ta layi mai kilobolt 330 daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, inda wani reshe ke wucewa Yamai a Nijar, kamfanin Kaduna Electric kuma ke rarraba ta a Kebbi, Sakkwato, Zamfara da Kaduna. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, daga Ajaokuta zai bi ta Abuja da Kaduna ya tsaya Kano. Bai biyo ta nan ba, kuma wannan babban rashi ne ga injinan casar shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi, waɗanda dizal ke cinye musu riba.

Abin da ya fi taɓa aljihun magidanci shi ne da dala ake yanke farashin gas ɗin da ake sayar wa tashoshi, alhali da naira ake biyan kuɗin wuta. Da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023, giɓin ya buɗe. A Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin rukunin A, masu alƙawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Ga kuma bashi da ya sarƙe: kamfanin rarrabawa bai tara cikakken kuɗi ba, tasha ba a biya ta ba, mai gas ya rage abin da yake turowa. Da wannan, da fasa bututu, injinan da aka girka don megawat sama da 13,000 kan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu. A Kebbi, inda rana ke wadace, sola za ta fi saurin rage kuɗin wutar yini, musamman ga famfon ban-ruwa a fadama. Wutar dare kuwa, muddin batir na da tsada, za ta ci gaba da dogara kan ruwan Kainji da gas ɗin Neja Delta.