Takardar Zaɓen Sakandare: Yaro Ma Yana da Ta Cewa

A zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, in lokacin cike takardar zaɓen sakandare ya zo, yawanci uba ne da shugaban makaranta ke gama magana, yaron sai dai ya ji labari. Dokar Yara ta Gana ta 1998, mai lamba 560, ba ta yarda da haka ba. Sashe na 11 ya ce duk yaron da hankalinsa ya kai ya yi ra'ayi, ba a hana shi faɗi, kuma wajibi ne a saurare shi a kan abin da ya shafi rayuwarsa. Yaro a dokar shi ne wanda bai cika shekara 18 ba, mace ko namiji.

Ba wai an miƙa masa ragama ba ne. Ana auna maganarsa da shekarunsa da hankalinsa. Ɗan shekara 15 da zai rubuta BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ba ɗaya yake da ɗan aji biyu na firamare ba. Sa hannu na iyaye ne, amma bayan an ji ta bakinsa.

Ga inda ake tafka kuskure. Tun 2005 kwamfuta ce ke raba ɗalibai, bisa sakamakonsu da jerin makarantu da fannonin da aka rubuta. Uba na son likita a gida, sai ya sa kimiyya a Prempeh College, alhali yaron ya san lissafi na ba shi wuya, hannunsa kuma ya fi faɗawa a zane ko aikin lantarki. Maki bai kai ba, gurbi ya wuce, a koma neman ragowar gurabe ta intanet. Canji bayan an tura takarda wahala ne da shi. Don haka a zauna da yaron da malamin ajinsa, a duba makinsa na JHS, wato ƙaramar sakandare, a tambaye shi kwana yake so ko jeka-ka-dawo, kafin a rubuta komai.

Cire yaro daga boko kuwa ba ya cikin zaɓi, ko da shi ya nema: karatun tushe tilas ne a kundin tsarin mulki na 1992. Koyon sana'a wajen maigida sai ya kai 15 ko ya gama JHS. Wanda ya take sashe na 11 yana iya fuskantar tara, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Ƙorafi kuma ofishin jin daɗin jama'a na gunduma ake kai shi.