Waiwaye: Yadda matsi ya sauya zaman cuɗanyar Hausawan Ikko

Fataken Hausawa sun daɗe suna gangarowa kudu neman goro, amma layin dogo da ya haɗa Ikko da Kano a 1912 shi ya cika Zangon Agege, unguwar Hausawa a Ikko, da jama'a. A wancan zamani baƙo ba ya neman ɗakin haya. Wurin fatoma yake sauka, maigidan da zai ba shi tabarma da abinci, ya adana masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in ciniki ya rikice. Fatoma na samun nasa a la'ada, don haka ba sadaka yake yi ba. Duk da haka tsarin ya sa da wuya mutum ya kwana da yunwa alhali ɗan garinsu na kusa.

Shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986 ya girgiza wannan zama. Naira ta faɗi, 'yan ci-rani suka yi ta kwararowa har suka fi ƙarfin masu gida. Matasa suka bazu cikin gadi, ga-ruwa, wankin takalmi, daga baya acaba, kowa da aljihunsa.

Abin da na lura da shi, tashin hankali bai raba kanmu ba. A rikice-rikicen ƙabilanci na unguwannin Ikko, wato na Ketu a 1999, da na Idi-Araba a Fabrairun 2002, da na Mile 12 a Maris 2016, an yi asarar rayuka da dukiya, amma mutanen da ba su san juna ba sun kwana wuri ɗaya, an yi karo-karon kuɗin mota ga masu komawa gida, ƙofar sarakunan Hausawa ta cika. Ranar tsoro ba a tambayar Bakano ne kai ko Basakkwace.

Tsadar rayuwa ce ke mana ɓarnar da ta fi damuna, domin a hankali take ci. A ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa. Shekara guda bayan haka, ranar 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin man fetur. Tun daga nan ciyayyar bakin shago, inda mutum biyar ke zagaye faranti ɗaya, ta ja baya. Kowa na sayen nasa a leda. Adashi na watsewa saboda wanda ya kwasa ya kasa zubi. Ban ga laifin kowa ba: mai iyali a ƙauye, wayarsa na ringi safe da yamma, me ya rage masa da zai ba maƙwabci?

Zumuncin ya koma zaurukan WhatsApp na 'yan gari ɗaya. In an yi rasuwa ko an kwantar da wani a asibiti, nan da nan kuɗi ke taruwa. Amma wanda aka kama babur ɗinsa, yake kwana a masallaci da cikinsa wayam, kunya ba ta barinsa ya rubuta a zaure.