Damspel: asalin sunan darar Holandawa

Damspel, ko dammen idan ana nufin yin wasan, shi ne sunan da Holandawa suke kiran wasan da ya yi kama da dara. Ana yinsa a kan allo mai gidaje 100, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 20. Ɗan da ya ƙetare har layin ƙarshe na abokin karawa sai a ɗora masa wani a kai, ya zama dam, ya samu ikon yin doguwar tafiya gaba da baya.

Spel na nufin wasa, wannan babu gardama. A kan dam ne masana suka rabu.

Daɗaɗɗen bayani shi ne sunan ya zo daga Faransanci, jeu de dames, kuma dame uwargida ce, daga domina ta Latin. Masanin Ingila H.J.R. Murray, a littafinsa na 1952 kan tarihin wasannin allo, ya danganta shi da sarauniyar wasan shatranj (wato chess), wadda Faransawa suke kira dame. Jamusawa na cewa Dame, Sifaniyawa damas, Italiyawa dama, duk suna ɗaya ne.

Arie van der Stoep, masanin harshe ɗan Holan, ya ƙi wannan ra'ayi a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Leiden a 1997. A ganinsa babu mace a cikin sunan ko kaɗan. Tushen shi ne dam ta Holanci, wato madatsar ruwa ko jingar ƙasa, wadda take ƙarshen sunayen Amsterdam da Rotterdam, biranen da suka tashi a madatsun kogunan Amstel da Rotte. Ya ce Faransanci ne ya ari kalmar tun da daɗewa, aka kira layin gefen allo da ita, daga nan ta koma kan ɗan da ya isa layin, sannan wasan gaba ɗaya. Idan haka ne, kalmar ta fita daga gida ne ta komo da sabuwar ma'ana.

Bayanin nasa yana da armashi, domin ya dace da yadda ake wasan: burin kowane ɗa shi ne isa gefe. Sai dai bai kawar da tsohon bayanin ba, wanda har yanzu ake samunsa a ƙamusoshi.

An kafa ƙungiyar wasan ta ƙasar Holan a 1911, ta duniya kuma, FMJD, a 1947. Cikin zakarun duniya da Holan ta fitar akwai Piet Roozenburg a 1948, Ton Sijbrands a 1972 da Harm Wiersma a 1976.