Ƙungiyoyin ƙwadago da sana'ar ƙera jiragen ruwa a Birtaniya

Babbar buƙatar ƙungiyoyin ƙwadagon Birtaniya a fannin ƙera jiragen ruwa ita ce duk jirgin da gwamnati za ta saya da kuɗin haraji, musamman na rundunar sojan ruwa, a ƙera shi a gida. Ƙungiyoyin da ke kan gaba su ne GMB da Unite da Prospect, kuma sukan yi magana da murya ɗaya a ƙarƙashin CSEU, gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan ƙera jiragen ruwa da aikin injiniya.

Gwagwarmayar da aka fi tunawa da ita ta faru ne a 1971, lokacin da gwamnatin Edward Heath ta ƙi bai wa kamfanin Upper Clyde Shipbuilders na yankin Glasgow rancen fam miliyan 6. Ma'aikata ba su shiga yajin aiki ba. A ƙarƙashin jagorancin Jimmy Reid da Jimmy Airlie, sun karɓe ƙofofin masana'antun, suka ci gaba da haɗa jiragen da ke hannunsu, don su nuna wa duniya cewa wuraren ba su mutu ba. Dabarar ta ja hankalin jama'a fiye da yadda yaji zai yi. A Fabrairun 1972 gwamnati ta sauko, ta ware fam miliyan 35. Aka mayar da manyan masana'antun ƙera jiragen ruwa na ƙasar hannun gwamnati a 1977, aka sake sayar da su a zamanin Margaret Thatcher. Aikin ƙera jiragen kasuwanci kuwa ya koma hannun Japan da Koriya ta Kudu, daga baya Sin.

Tun daga nan abincin ma'aikata ya rataya a wuyan ma'aikatar tsaro. Shi ya sa aka yi ca a 2012 da aka bai wa kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar jirage 4 masu dakon mai na sojan ruwa, ko da yake babu kamfanin gida da ya miƙa tayin ƙarshe.

Taƙaddamar da ta fi zafi ita ce ta jiragen da ke kai wa rundunar makamai da kayan abinci a teku. Al'adar Birtaniya ita ce jirgin yaƙi a gida ake ƙera shi, amma gwamnati ta ce waɗannan ba jiragen yaƙi ba ne, don haka kowa na iya nema. Ƙungiyoyin suka dage har ministan tsaro Ben Wallace ya sauya matsayin a 2020. Nasarar dai rabi ce: a 2022 kwangilar jirage 3, ta fam biliyan 1.6, ta tafi ga haɗakar da kamfanin Navantia na Sifaniya ke ciki, za a yi wani ɓangare a birnin Kadiz na Sifaniya, a harhaɗa a masana'antar Harland & Wolff ta Belfast. Ma'aikatan wannan masana'anta sun mamaye ta na mako 9 a 2019 don kada a rufe. Navantia ne ya saye ta a 2025.

Sauran buƙatun sun haɗa da amfani da ƙarfen gida, da ɗaukar matasa masu koyon walda, da tsara kwangiloli a jere ba tare da giɓi ba, domin ƙwararren da ya bar aiki da wuya ya dawo. Masu suka na cewa ƙera jirgi a gida ya fi tsada kuma yakan yi jinkiri. Amsar ƙungiyoyin ita ce wani kaso na kuɗin yana komawa baitulmali ta hanyar harajin albashi.