Daidaita samfuran bayanan gini tsakanin fannonin zane

Daidaita samfuran bayanan gini shi ne aikin haɗa zane-zanen kwamfuta masu tsawo da faɗi da zurfi waɗanda ƙwararru daban-daban suka yi wa gini guda, a ɗora su kan juna, domin a gano wuraren da suka ci karo tun ba a haƙa harsashi ba. Samfurin bayanan gini, wanda aka fi sani da gajeren suna BIM, ya bambanta da zanen takarda, domin kowane ginshiƙi ko ƙofa ko bututu da ke cikinsa yana ɗauke da bayanin girmansa da kayan da aka yi shi da su da kuma gurbinsa a ginin. A babban aiki kamar asibiti, mai zanen gini yana da nasa samfurin, injiniyan ƙarfin gini yana da nasa, haka ma masu lantarki da famfo da na'urorin sanyaya iska.

Tarihi

Kafin zuwan kwamfuta, ofisoshin zane kan yi wa kowane fanni takardarsa mai shara-shara, a jera su kan teburin gilashi mai fitila a ƙarƙashi, a bi layuka da ido. Abin da ya kuɓuce wa ido sai a wurin gini yake bayyana, inda akan fasa kankare ko a karkatar da bututu, ɗan kwangila kuma ya nemi ƙarin kuɗi da lokaci.

Galibi ana danganta asalin tunanin da Charles Eastman na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, wanda a 1975 ya bayyana tsarin ajiye gini a kwamfuta sashe-sashe, ta yadda za a fitar da kowane irin zane daga tushe ɗaya. A Ingila an yi amfani da manhajar RUCAPS wajen aikin filin jirgin sama na Heathrow a shekarun 1980, a daidai zamanin da kamfanin Graphisoft na Hungari ya fito da manhajar ArchiCAD. Sunan da ake amfani da shi yanzu, wato samfurin bayanan gini, ya bayyana a wata maƙala ta van Nederveen da Tolman a 1992, amma bai bazu ba sai wajen 2002, shekarar da kamfanin Autodesk ya sayi manhajar Revit.

Yawaitar manhajoji ta haifar da wata matsalar, domin fayil ɗin wannan ba ya buɗuwa a waccan. Wajen 1994 wasu kamfanonin Amurka suka kafa ƙawance don samar da tsarin fayil na bai-ɗaya, wanda ya zama IFC. Ƙungiyar ta koma amsa sunan buildingSMART a 2005, tsarin kuma ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO 16739 a 2013. Wani rahoto na hukumar ma'aunai ta Amurka a 2004 ya ƙiyasta cewa rashin jituwar manhajoji na jawo wa harkar manyan gine-ginen ƙasar asarar dala biliyan 15.8 a shekara.

Yadda ake aikin

Kowane fanni yana ci gaba da riƙe samfurinsa, ba ya taɓa na wani. Sharaɗin farko shi ne kowa ya fara awo daga ɗigo ɗaya, in ba haka ba samfuran ba za su zauna kan juna ba. Daga nan jami'in daidaitawa ya tara su a manhaja irin su Navisworks, wadda Autodesk ya saya a 2007, ko Solibri ta ƙasar Finlan, ya sa ta binciko karo. Akwai karon da abu ya ratsa abu, kamar bututun iska ya bi ta cikin azarar kankare, akwai kuma wanda ba su taɓa juna ba amma babu sararin da mai gyara zai sa hannu. Na uku ya shafi lokaci, wato ayyuka biyu su faɗo wuri guda a rana guda.

Bincike ɗaya kan fito da dubban karo, mafi yawansu maimaici ne ko marasa muhimmanci, kuma tace su shi ne ainihin gwanintar jami'in. A taron daidaitawa ake yanke wanda zai kauce. Bisa al'ada bututun ruwan datti ne ake bari a gurbinsa, tunda da gangara yake aiki, wayar lantarki kuwa ana iya lanƙwasa ta. Ana aika kowace matsala ga mai ita ta wani tsarin fayil mai suna BCF, wanda ke ɗauke da hoton wurin da bayani ba tare da an tura samfurin gaba ɗaya ba.

Dokoki

A 2011 gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa daga 2016 dole ayyukan gwamnatin tsakiya su bi tsarin BIM. Daga ƙa'idojinta aka gina ma'aunin ISO 19650, wanda kashinsa na farko da na biyu suka fito a 2018.

Saɓani

Ana jayayya kan wanda ke da mallakar haɗaɗɗen samfurin, da kuma wanda zai ɗauki alhaki idan kuskure ya wuce bincike. Wasu na fifita IFC, wasu kuma na ganin bayanai kan zube yayin juya fayil zuwa gare shi.